Jadawali da Baƙaƙe Masu Lanƙwasa: Gyaran da Ya Rataya a Wuyan Ɗalibi da Sashe

Gabatarwa

Garin Wudil, wanda ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, an daɗe da saninsa da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, da kogin da gada ta ƙetare, da kuma ɗinkin manyan riguna. Tun daga shekarar 2001, lokacin da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ta fara karatu a garin, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022, sai wata sana'ar ta ƙara bunƙasa, watau buga takardu da kwamfuta. Idan ƙarshen zangon karatu ya ƙarato, shagunan masu wannan sana'a kan cika maƙil da ɗalibai, kowa riƙe da filashinsa, kowa yana son a fitar masa da kundin neman digirinsa kafin ranar miƙawa ta wuce. Wasunsu a nan garin suke karatu, wasu kuwa 'yan garin ne da ke karatu a Kano da sauran wurare, waɗanda suka dawo gida don su kammala aikinsu.

A irin wannan lokaci ne wata matsala kan ɓullo, wadda da yawa suke ɗauka ƙarama ce. Ɗalibi ya buga aikinsa tsaf da zubin haruffa guda, amma da zarar ya iso ga jadawali sai rubutun ya sauya kama: wani gurbi ya fito da manyan haruffa, wani da ƙanana, wani da zubin da ba shi ya zaɓa ba. Ya gyara, ya ajiye, gobe ya buɗe a wata kwamfutar ya tarar abin ya dawo yadda yake. Ga mai rubutu da Ingilishi wannan muni ne kawai a ido. Ga mai rubutu da Hausa kuwa, ɓarnar takan kai ga ma'ana, domin baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, su ne suke fara salwanta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda abin yake faruwa, da yadda ake gyara shi, sa'an nan ta kafa hujja a kan cewa daidaita zubin haruffa wani reshe ne na ƙa'idojin rubutun Hausa, wanda ya wajaba Sashen Hausa ya koyar da shi, ya kuma riƙa tambayar ɗalibi a kansa kamar yadda ake tambayarsa a kan raba kalmomi da haɗa su.

Asalin Lanƙwasar

Kafin a shiga cikin kwamfuta, ya kyautu a tuna cewa lanƙwasar nan ba da sauƙi aka same ta ba. Turawan da suka fara rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa sun tarar da sautuka waɗanda babu su a harsunansu, don haka wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wasu suka riƙa sa waƙafin sama a gefensa. A 1912 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokinsa na rubutun Hausa. Sai a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da shawara a kan baƙaƙe masu lanƙwasa irin waɗanda ake amfani da su yanzu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, da littattafan da aka buga a Zariya su suka sabar wa idon mai karatu da su. Bayan haka Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, duk sun tabbatar da su. Bambancin da ya saura shi ne a Nijar ana rubuta ƴ, a Nijeriya kuwa 'y.

A zamanin tafireta, mafi yawan kekunan rubutu ba su da waɗannan baƙaƙe. Akawu kan buga b da d da k, sa'an nan ɗalibi ya bi shafi ɗaya bayan ɗaya da alƙalami yana sa lanƙwasa da hannu. Jadawali ma da rula ake ja masa layi. Aiki ne mai cin rai, amma yana da wata fa'ida guda: ɗalibi ya san cewa lanƙwasar nan nauyinsa ce, kuma idan ta ɓace a wani wuri, shi malami zai kama. Da kwamfuta ta zo, wahalar ta ragu, amma sanin wanda nauyin ke kansa ma ya tafi tare da ita.

Yadda Ɓarnar Take Aukuwa

Dalilan da suke sa rubutun jadawali ya ƙi jin magana uku ne, kuma wanda bai bambance su ba zai yi ta shan magani ba tare da sanin cutarsa ba.

Dalili na farko yana cikin tsarin manhajar rubutu kanta. A Microsoft Word, wadda ita ce mafi yawan shaguna suke amfani da ita, kamannin kowane harafi yana fitowa ne daga umarni hawa-hawa. A can ƙasa akwai tushen takarda, watau zubi da girman da manhaja ta zo da su. A bisansa akwai salon jadawali, a bisan wannan akwai salon sakin layi, wanda babbansa shi ne mai suna Normal, sa'an nan a can sama akwai gyaran hannu, watau duk abin da mai rubutu ya shafa wa baƙi ya canza da kansa. Na sama kullum shi ke rinjayar na ƙasa. Ɗalibi yakan buɗe sabuwar takarda wadda tushenta Calibri ne, zubin da Word ta koma kansa tun 2007, ko kuma Aptos wanda ya gaje shi daga baya. Ya san ana son Times New Roman mai girma 12, don haka sai ya shafa wa rubutun duka ya canza da hannu. A ido komai ya daidaita, amma tushen yana nan yadda yake. Ranar da ya saka sabon jadawali, ko ya ƙara layi, ko ya share abin da ke cikin wani gurbi ya sake bugawa, sai tsohon zubin ya ɗago kai. Haka kuma, idan an taɓa canza Normal har ya bambanta da tushen takarda, to Normal ɗin kan danne zubin da aka sa wa salon jadawali, mutum ya yi ta gyaran salon jadawali abin ya ƙi motsi. Bugu da ƙari, kowane gurbi yana da wata ɓoyayyiyar alama a ƙarshensa wadda take riƙe da nata kamannin, shi ya sa gurbin da babu komai a cikinsa ma yake da zubin da zai ɗora wa duk abin da aka buga masa.

Akwai kuma kwafe-kwafe. Jadawali ba safai ake buga shi kai tsaye ba. Akan ɗauko shi daga Excel, ko daga intanet, ko daga aikin wani babi da aka buga a wani shago. Kowane ɗayansu yana zuwa da kayansa a ka, ya sauke su a cikin kundin ba tare da sallama ba.

Dalili na biyu ya shafi Hausa kai tsaye, kuma shi ne mafi haɗari. A shekarun 1990, lokacin da kwamfutoci ba su san baƙaƙen Hausa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffa masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka share wa marubuta da maɗaba'u hawaye ƙwarai da gaske. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama wadda Hausa ba ta cika bukata ba, a zana baƙi mai lanƙwasa a wurinta. A wani tsarin, alamar } ita ce ƙ, alamar ] ita ce ɗ, alamar ~ ita ce ɓ. A wani tsarin kuma q da x da v aka ara. Abin lura a nan shi ne kwamfuta ba ta san an yi aron ba. A wurinta } tana nan a matsayin }, riga kawai aka sa mata. Muddin rubutun yana cikin wannan zubi, mai karatu zai ga ƙasa da ɗaya da zaɓe. Da zarar jadawali ya ja rubutun zuwa wani zubi, ko an kai takardar kwamfutar da ba ta da shi, sai rigar ta zame, a ga }asa da ]aya da za~e. Idan kuma aka juya, aka shafa wa kundin duka zubin aro, sai kalmomin Ingilishi su sha kashi, University ta koma Uniɓersity, Oxford ta koma Oɗford. Duk mai yawan duba kundayen Hausa ya ci karo da wannan a shafin manazarta.

Dalili na uku yana samun har waɗanda suka bar zubin aro suka koma Unicode, watau tsarin duniya da aka fara fitarwa a 1991, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. A wannan tsari ƙ tana da lamba 0199, Ƙ tana da 0198, ɗ tana da 0257, Ɗ tana da 018A, ɓ tana da 0253, Ɓ kuma 0181. Wanda ya dubi lambobin da kyau zai ga ƙananan ɓ da ɗ sun yi nisa da manyansu. An ajiye su ne a rukunin alamomin furuci, manyan kuwa tare da ƙ suna wani rukuni dabam. Saboda haka akan sami zubin da ya zana wasu ya bar wasu. Idan manhaja ta nemi baƙi ta rasa a zubin da aka zaɓa, sai ta aro shi daga wani zubi ba tare da ta faɗa wa kowa ba, a ga kalma guda da baƙi ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo ko kauri. Wani lokaci kuma ɗan akwati fanko ne zai zauna a gurbinsa.

Abin da Ake Hasara

Mai tambaya yana iya cewa, to me ya sa ake ta da jijiyar wuya a kan jadawali alhali matsalar tana iya faruwa a ko'ina cikin kundi? Amsa ita ce, a cikin jimla kalma tana da 'yan'uwa masu tsaya mata. Idan aka rubuta cewa yaro ya shiga daki ya kwanta, kowane Bahaushe ya san ɗaki ake nufi. A cikin jadawali kuwa kalma ita kaɗai take a gurbinta, ba ta da mai ba da shaida a kanta. Kuma jadawali shi ne wurin da mai bincike yake baje hujjarsa.

A ɗauki misalin ɗalibin tsarin sauti da ya jera kalmomi biyu-biyu domin ya nuna cewa k da ƙ sautuka ne mabambanta: kura da ƙura, baki da baƙi, koko da ƙoƙo, kasa da ƙasa. A gefe guda kuma fada da faɗa, kada da kaɗa, bari da ɓari. Idan lanƙwasa ta faɗi, jadawalin zai jera kalma da kanta a gurbi biyu, ya rushe abin da aka gina shi don ya tabbatar. Wani abin takaici kuma, masu nazarin furuci suna amfani da baka mai kusurwa domin su nuna yadda ake furta sauti, ga shi kuwa ita ce alamar da zubin aro ya mayar Ɗ da ɗ. Dole ɗalibi ya sa baka a zubi ɗaya, baƙin da ke cikinta a wani zubi, a gurbin da bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Taɓawa ɗaya ta kuskure ta isa ta wargaza shi.

Kada a zaci abin ya tsaya ga 'yan Sashen Hausa. Ɗalibin aikin gona ko na gandun daji ko na kiwon kifi a Wudil, wanda yake rubutu da Ingilishi, shi ma yakan yi jadawalin sunayen itatuwa da kifaye, ga sunan kimiyya ga na Hausa: ɗorawa, kaɗanya, ɗinya, ƙirya, tarwaɗa. Shi ba ma ya tsayawa neman lanƙwasa, sai ya buga dorawa da kadanya ya wuce. Wani mai binciken ya zo ya kwafa daga gare shi, na uku ya kwafa daga na biyu, har kuskuren ya zama kamar shi ne daidai.

Akwai wata hasarar da ba a gani a takarda. Kundin yau ba ya ƙarewa a kan kantar laburare. Ana ajiye shi a na'ura, ana neman kalma a cikinsa. Wanda ya nemi ƙarangiya ba zai same ta a kundin da aka buga }arangiya ba, ko da kuwa an ambace ta sau ɗari. Haka nan idan aka umarci manhaja ta jera kalmomin jadawali bisa tsarin abacada, kalmar da ta fara da alamar aro za ta faɗa inda ba muhallinta ba. Ɗalibi ya yi wata da watanni yana yawon ƙauyuka yana tattara kalmomi daga bakin tsofaffi, amma aikin ya zama kamar an binne shi.

Hanyar Gyara

Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana da tsari, kuma wanda ya saɓa tsarin zai ƙara ɓarna. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a shafa wa jadawali a danna Ctrl tare da dogon maɓallin tazara, wanda yake wanke duk gyaran hannu ya mayar da rubutu ga salonsa na asali. Wannan magani ne ga mai Ingilishi. Ga wanda ya buga Hausa da zubin aro kuwa, shi ne zai tuɓe wa kowane baƙi mai lanƙwasa rigarsa a lokaci guda. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, in ji Hausawa, amma sai in mai gyaran ya san abin da ke cikin kayan.

Saboda haka abu na farko shi ne a ajiye kwafin takardar a gefe, sa'an nan a gano irin rubutun da ke cikinta. A shafa wa kalma mai lanƙwasa a canza mata zubi. Idan lanƙwasar ta tsaya, Unicode ce, idan ta koma wata alama, aro ce. Danna Shift da F1 kuma yana buɗe wani fage a gefe wanda yake nuna daga wane hawa kowane umarni ya fito, ko daga salo ko daga hannu.

Abu na biyu, idan aro ce, a musanya ta tun kafin a taɓa komai. Da Ctrl da H ake buɗe akwatin nema da musanyawa. A nan ana iya cewa a nemo alama kaza wadda ke cikin zubi kaza kaɗai, a sa baƙin Unicode a madadinta. Ƙayyade zubin yana da muhimmanci, domin shi zai hana a mayar da baka ta gaskiya ko v ta Ingilishi baƙin Hausa. Inda aka ari q da x da v, wajibi ne a sa manhaja ta bambance babban baƙi da ƙarami. Musanya shida ce ke nan, kuma bayan an gama sai a bi shafin manazarta da ido. Wanda ba shi da allon maɓallan Hausa, ko da yake Windows tana da shi kuma wayoyin hannu ma suna da shi, yana iya buga U+0199 ya danna Alt da X, ƙ za ta fito; haka sauran, kowanne da lambarsa.

Abu na uku, a gyara daga tushe. Maimakon a yi ta shafa wa rubutu ana canzawa da hannu, a gyara tushen takarda da salon Normal su zama zubi ɗaya da girma ɗaya. Sa'an nan a ƙirƙiri salon sakin layi guda na musamman domin rubutun jadawali, a ɗora shi a kan kowane gurbi, har da waɗanda ba komai a cikinsu. A wannan mataki ne wankewa take da amfani, amma a tuna tana tafiya da rubutun gicciye da mai kauri, don haka sunayen kimiyya da kanun jadawali sai an sake bi ta kansu. Daga nan gaba, duk abin da za a kwafo daga waje a liƙa shi a matsayin tsurar rubutu, a bar kayan adonsa a ƙofa.

Abu na huɗu, a zaɓi zubin da yake da baƙaƙen duka, manya da ƙanana. Times New Roman na kwamfutocin baya-bayan nan yana da su, na tsofaffi ne ba shi da su. Akwai kuma Charis da Doulos da Gentium, waɗanda ƙungiyar SIL take bayarwa kyauta, kuma an tsara su ne domin harsuna irin Hausa, har da alamomin karin sauti. Daga ƙarshe, kada a kai wa mai shago takardar Word ya buga. A mayar da ita PDF a gida, a duba kowane jadawali, sa'an nan a kai. PDF tana tafiya da zubinta a jikinta, ba ta dogara ga abin da ke cikin kwamfutar shago ba.

Wa ke da Alhaki?

Da an ga ɓarna, mai shago ake fara zargi. Wannan zargi bai cika adalci ba. Mai shago ana biyansa ne bisa yawan shafi, ga layi a bayansa, ga man janareta yana ƙonewa. Sau da yawa Hausa ce harshensa na gida, amma ba a taɓa zaunar da shi an koya masa ƙa'idojin rubuta ta ba, balle lambobin Unicode. Sunansa kuma ba ya kan bangon kundi. Wanda ya sa hannu ya ce aikin nan nasa ne, shi ne mai alhakin kowace lanƙwasa da ke ciki. Mai ɗinkin riga a Wudil yana iya ba yaransa su cike masa zane, amma shi yake duba aska da zare kafin riga ta bar hannunsa, domin idan ta fito a karkace sunansa ne zai ɓaci a kasuwa.

Sai dai ba a tuhumar mutum a kan abin da ba a koya masa ba, kuma a nan ne nauyi ya koma kan sassan Hausa. Abubuwa uku ake bukata daga gare su. Na ɗaya, su tsayar da doka cewa da Unicode kaɗai za a karɓi kundi. Na biyu, su tanadi takardar samfuri guda wadda aka riga aka daidaita tushenta da salonta da jadawalinta, a raba wa kowane ɗalibi ranar da aka amince da batun bincikensa, a kuma ba masu shagunan da ɗalibai suke zuwa. Na uku, a keɓe darasi biyu ko uku a cikin kwas ɗin ƙa'idojin rubutu ko na dabarun bincike, a zaunar da ɗalibai gaban kwamfuta su yi da hannunsu. Duk wannan ba ya bukatar sayen komai.

Za a sami masu cewa ilimin da ke cikin kundi shi ne abin dubawa, zubin harafi ado ne. Misalin kura da ƙura ya isa amsa: inda lanƙwasa ta bambanta ma'ana, ita ma ilimi ce. Wasu za su ce ɗalibai da yawa ba su da kwamfuta tasu. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa takardar samfuri ta fi zama dole, domin ita ce za ta kare wanda yake yawo da aikinsa daga shago zuwa shago. Wasu malamai kuma za su ce hannunsu ya saba da zubin aro shekara da shekaru, kuma littattafansu da laccocinsu duk da shi aka buga. Babu mai musun cewa zubin nan ya yi wa Hausa hidima a lokacin da ba ta da wata mafita, kuma wanda ya samar da shi ya cancanci yabo. Amma tsani ne aka kafa don a hau, kuma an riga an hau. Abin da ya kamata shi ne a taimaki waɗannan malamai a musanya musu tsofaffin ayyukansu tun ana iya buɗe su, wanda aiki ne da ƙungiyar ɗaliban Hausa za ta iya ɗauka a hutu guda.

Kammalawa

An ga yadda rikicin zubin haruffa a jadawali yake tasowa daga umarni hawa-hawa na manhaja, da zubin aro, da kuma zubin da bai cika ba. An ga kuma cewa gyaransa yana hannun duk wanda ya bi tsari: ya ajiye kwafi, ya musanya, ya daidaita tushe, ya fitar da PDF. Magabata sun yi taro a Zariya da Bamako da Yamai kafin su tsayar da waɗannan baƙaƙe, ɗaliban zamanin tafireta kuma sun bi su da alƙalami shafi bayan shafi don kada ɗaya ya ɓace. Abin kunya ne a ce sun salwanta a hannun waɗanda na'ura ta sauƙaƙa wa aiki. Malamin da ke duba kundi ya riƙa fara buɗe jadawali kafin gabatarwa, ya kuma mayar da duk wanda ya ga baka a gurbin ɗ. Idan aka yi haka zango biyu, ɗalibai za su koya, masu shaguna a Wudil da Kano ma za su koya daga gare su. Allah ya sa a gyara.